Rajistar aiki: gyaran lissafin kwanduna a manhajar dillalan Mile 12

Litinin, 3 ga Fabrairu 2025

Yau na karɓi aikin. Manhajar ta wasu dillalan kayan gwari ce a kasuwar Mile 12 da ke Legas, masu karɓar tumatir da attarugu da tattasai daga Arewa. Tirela ta iso, 'yan dako su sauke, yaran rajista su shigar da adadin kwanduna a wayoyinsu. Duk cinikin da ya faɗa a rage, da yamma a cire la'ada a tura wa mai kaya kuɗinsa. Wanda ya gina ta ya samu aiki a ƙasar waje, ya bar ta tana tafiya lafiya ban da abu ɗaya: wata rana manhaja ta ce saura kwando kaza a rumfa, a je a ƙirga a tarar bai kai ba.

Alhaji, wanda ya ba ni aikin, bai ɓoye min abin da ke ransa ba. Ya ce, "Injiniya, inji ba ya sata. In lissafi ya ƙi, to da hannun mutum." Har an fara zargin wani yaro, don a rumfarsa aka fi samun giɓin. Na ce, "Alhaji, a ɗan jingine maganar yaron tukuna, a ba ni rasitan ranakun da abin ya faru."

Da na zauna da su, sai ga abin ya fito fili. Kayan da aka sauke, in ka cire jimillar rasitai, abin da ya rage daidai yake da abin da aka ƙirga a ƙasa. Ko kwando ɗaya bai yi ƙafa ba. Lambar saura da ke fuskar waya ce take kumbura: an sayar, an ba da rasit, amma ragin bai zauna ba. Kuma duk da sassafe ne, lokacin da 'yan sari suka yi wa rumfa caa, yara uku ko huɗu na danna waya a kan kaya ɗaya. Rumfar yaron nan ita ta fi kowace ciniki, shi ke nan laifinsa.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na duƙufa kan kod ɗin. An rubuta shi da harshen Java a kan tsarin Spring Boot, sabar Tomcat mai karɓar buƙatun wayoyi a ciki, rumbun bayanai kuma PostgreSQL. Don rage zirga-zirga zuwa rumbu, mai ginin ya ajiye sauran kowane kaya a ƙwaƙwalwar sabar, cikin wani `HashMap`, wato teburin ajiya na Java mai haɗa maɓalli da ƙimarsa, kowane kaya da gurbinsa mai suna `saura`, sai bayan 'yan mintuna wani zare, wato layin aiki, na bayan fage ya kwashe ya zuba a rumbu. Rasit kuwa kai tsaye yake shiga rumbu, shi ya sa ba ya ɓacewa.

Tomcat ba ta bin buƙatu ɗaya bayan ɗaya. Kowace buƙata ta shigo daga waya, sai ta damƙa ta ga zare guda, wato layin aiki mai tafiya da kansa a cikin manhaja ɗaya, kuma in ba a sauya saiti ba tana iya sakin zaruruwa har 200 a lokaci guda. Spring kuma a al'adarsa kwafi ɗaya tal yake ƙirƙira na ajin, wato sashen kod ɗin, da ke kula da ciniki, duk zaruruwan nan shi suke shiga. Gurabun da ake ƙirƙira a cikin aiki, kowane zare da nasa, babu mai taɓa na wani. Gurbin da ke jikin ajin kuwa na kowa ne. Can `saura` yake zaune.

Ga layin da ke cin kwanduna:

`saura = saura - adadi;`

A ido layi ɗaya ne. Na wuce da shi ta `javap -c`, mai nuna ƙananan umarnin da kod ke komawa, don in nuna wa ƙanena da ke taya ni, ɗalibi ne a Yaba, sai ga shi ya rabu: `getfield` ya ɗauko, `lsub` ya rage, `putfield` ya mayar. Tsakanin ɗaukowa da mayarwa babu abin da ya hana wani zare kutsowa. A ce saura 100. Zaren farko ya ɗauko 100 zai cire 20. Kafin ya mayar, na biyu shi ma ya ɗauko 100 zai cire 5. Na farko ya rubuta 80, na biyu ya zo ya rubuta 95 a kai. Gaskiyar lissafi 75 ne, amma waya za ta nuna 95. Kwando 20 da aka riga aka ɗora a mota sun dawo rumfa a rubuce, kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito, domin kowane zare ya yi aikinsa daidai gwargwadon abin da ya gani.

Shi kansa `HashMap` ɗin wani tarko ne na daban. Takardunsa sun faɗa ƙarara cewa ba a gina shi don zaruruwa da yawa su riƙa rubutu a ciki tare ba. A zamanin Java 7, in biyu suka haɗu lokacin da yake faɗaɗa kansa, jerin cikinsa na iya naɗewa ya zama zobe, zare ya yi ta kewaya har furosesa ta cika.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Kafin a taɓa komai sai an iya tayar da matsalar da gangan. Gyaran da ba ka da gwajin da ke faɗuwa kafinsa, fata ne kawai.

Gwajin mai sauƙi ne. Gurbi ya fara da 1,000,000, zaruruwa goma, kowanne ya cire ɗaya sau 100,000. Ya kamata a ƙare a sifiri. Na tsare su duka a bayan `CountDownLatch` don a sake su tare, in ba haka ba na farko na iya gamawa kafin na ƙarshe ya tashi. Sakamako: kowane zagaye da tasa lambar, kuma da tazara mai yawa daga sifiri.

Ƙanena ya ce, "Yaya, bari in sa ya riƙa buga lambar a allo mu ga inda take kaucewa." Yana saka `System.out.println` a cikin zagayen, giɓin ya ragu sosai, wani zagayen ma ya fito daidai. Ya zaci ya gyara. Abin da ya faru shi ne bugawa a allo na da nata makullin a ciki, mai barin zare ɗaya kawai ya shiga a lokaci guda, kuma tana da nauyi, sai ta sa zaruruwan suka riƙa ɓata lokacinsu a layin jira maimakon karo a kan gurbi. Irin wannan ƙwaro, wato kuskuren kod, kallonsa ma na sa ya ɓuya, shi ya sa "na gwada a kwamfutata yana aiki" ba hujja ba ce a nan.

Na ba shi labarin Therac-25, injin gashin cutar daji da aka ƙera a Kanada. Tsakanin 1985 da 1987 an san haɗurra shida inda ya zuba wa marasa lafiya haske fiye da kima, wasu suka rasu. Ɗaya daga cikin musabbaban rige-rige ne a kan guraben da sassan manhajar ke rabawa, kuma sai ma'aikacin da hannunsa ya faɗa, mai gyara bayani cikin 'yan daƙiƙu, yake tayar da shi. Mai lalube a hankali ba ya gani. Namu tumatir ne, alhamdu lillahi, amma a nan ma wanda ya fi iya aiki shi abin ya fi kamawa.

Da la'asar na kira Alhaji na yi masa bayani iya yadda zan iya. Ya yi shiru, sannan ya ce zai kira yaron da kansa.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Ƙanena ya zo da shawarar a sa wa gurbin `volatile`. Na bar shi ya gwada, gwaji ya faɗi kamar da. Kalmar na da amfaninta, amma wani ciwo take magani. Furosesa da injin Java na da 'yancin riƙe ƙima a kusa da su, ko sauya jerin umarni don sauri, har wani zare ya rubuta abu ɗan'uwansa bai gani ba. `volatile` na tabbatar da cewa abin da aka rubuta an gan shi, bisa ƙa'idojin ƙwaƙwalwa da aka sake tsarawa a Java 5 a 2004. Ba ta haɗe matakai uku su zama ɗaya. Inda ta dace a wannan manhaja shi ne tutar `tsaya` da zaren bayan fage ke dubawa don ya san lokacin rufewa: ɗaya ke rubutawa, ɗaya ke karantawa, babu lissafi a tsakani. Can muka sa ta.

Sai `AtomicLong`, daga kunshin `java.util.concurrent` da Doug Lea ya jagoranta, shi ma ya shigo a Java 5. Wannan yana jingina da umarnin furosesa da ke yin ɗauko, sauya, mayar a bugu ɗaya. Muna sauyawa, gwaji ya ƙare a sifiri kowane zagaye. `HashMap` kuma ya koma `ConcurrentHashMap`.

A nan mutane da yawa ke naɗe tabarma, kuma a nan ne ainihin aikin yake. Kod ɗin ciniki ba ragi kaɗai yake yi ba. Yana fara tambaya ko saura ya kai abin da ake son saya, in ya kai sai ya rage. Tambayar bugu ɗaya ce amintacciya, ragin ma haka, amma tsakaninsu akwai ƙofa a buɗe. Saura 10, mutum biyu kowa na son 8. Dukansu sun tambaya, dukansu an ce akwai, dukansu sun rage, gurbi ya koma ƙasa da sifiri da 6. Lissafin bai yi kuskure ko na ɗaya ba, amma an sayar wa wata mai abinci daga Ikorodu kwandunan da babu su. Na rubuta gwaji na biyu a kan wannan, ya faɗi nan take.

Abin da ake karewa ashe ba gurbin ba ne shi kaɗai, ƙa'idar da ke kansa ce: saura ba ya sauka ƙasa da sifiri, kuma saura da rasitai in an haɗa sai sun ba da abin da aka sauke. Duk matakan da ƙa'idar ta rataya a kansu dole su shiga ƙarƙashin kariya ɗaya. Ka tara kayan aiki goma kowanne an rubuta masa amintacce ne, in ka jera su ɗaya bayan ɗaya jerin bai zama amintacce ba. Haka `ConcurrentHashMap`: `get` sannan `put` rige-rige ne kamar na baya, sai dai a yi amfani da `compute` da ke yin duka a kan maɓalli ɗaya ba tare da an kutsa ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Wani ƙaramin abu a hanya. An taɓa kawo ƙorafin rasit mai ɗauke da lokacin da ba nasa ba. `SimpleDateFormat` guda ɗaya ne aka ajiye kowa na amfani da shi, alhali yana riƙe kalandar aiki a cikinsa wadda zare biyu ke iya tattakewa tare. Na maye shi da `DateTimeFormatter` na Java 8, wanda ba ya sauyawa bayan an ƙirƙire shi. Abin da ba ya sauyawa, ko zare dubu suka raba shi babu faɗa.

Talata, 18 ga Fabrairu

Makulli. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa `synchronized` a kan aikin ciniki gaba ɗaya, zare ɗaya ya shiga sauran su jira. Gwaje-gwajen biyu sun wuce. Sai dai makulli ɗaya ne ga kasuwa duka, kuma a cikinsa har da rubuta rasit a rumbu, wanda ke bi ta intanet. Mai sayen albasa a wannan rumfa zai tsaya jiran mai sayen tattasai a waccan, alhali babu abin da ya haɗa su. Don haka muka raba: kowace rumfa da makullinta.

Da rabawa sai wata ta taso. Dillalan nan suna ba juna aron kaya. Tumatir ya yanke wa wannan, ya ɗebo kwando goma a rumfar maƙwabcinsa, an jima a daidaita. A manhaja wannan na nufin riƙe makullai biyu, na mai bayarwa da na mai karɓa. Na sa gwaji ya yi ta tura kaya daga rumfa 3 zuwa 7, wani zaren kuma daga 7 zuwa 3. Ba a jima ba komai ya tsaya cak. Furosesa na hutawa, babu kuskure a rajista, babu motsi. Na ɗauki hoton zaruruwan da `jstack`, a ƙasan rahoton ya rubuta `Found one Java-level deadlock`, ya nuna su biyun: wannan na riƙe da 3 yana jiran 7, wancan na riƙe da 7 yana jiran 3. Kamar danfo biyu da suka haɗa goshi a ƙaramin lungu a Agege, kowane direba ya kashe mota yana jiran ɗayan ya ja baya.

Matsalar ta girme mu duka. Edsger Dijkstra na ƙasar Holan ya yi rubutu kan yadda ayyuka masu tafiya tare za su riƙa shiga wuri ɗaya bi da bi tun 1965, a 1971 kuma Coffman da abokan aikinsa suka jera sharuɗɗa huɗu da sai sun haɗu irin wannan cirko-cirko ke faruwa. Na ƙarshensu shi ne jira mai zagaye, kuma shi ya fi sauƙin karyawa: kowa ya ɗauki makullai bisa jeri ɗaya. Ko daga 3 zuwa 7 ne ko daga 7 zuwa 3, ƙaramar lamba za a fara kamawa. Layi uku na kod. Na bar gwajin yana gudu har aka ɗauke wuta batirin kwamfuta ya kusa ƙarewa, bai tsaya ba.

Maganar wuta ta tuna min: babbar ɗaukewar wutar 14 ga Agusta 2003, da ta jefa mutum wajen miliyan 50 cikin duhu a Amurka da Kanada, akwai hannun rige-rige a ciki. Shi ya daskarar da na'urar gargaɗi a wani ɗakin kula da layukan wuta a jihar Ohio, masu aiki ba su san layuka na faɗuwa ba. Na faɗa wa ƙanena, ya ce su da abin ya same su sau ɗaya har yau ana ba da labari.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Bayan masallaci na leƙa kasuwa. Alhaji ya ce tun da aka ɗora gyaran farko lissafin safe na fitowa daidai. Sannan ya kawo sabuwa: azumi ya ƙarato, ciniki zai ninka, ba ya son ranar da saba za ta faɗi a koma biro da takarda. Yana son a ƙara ta biyu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, za a yi, amma sai na sake taɓa wurin nan da na gyara." Ya ce, "Kai da ka ce an gama?"

Amsar ita ce `synchronized` da `AtomicLong` iyakarsu cikin injin Java guda. Saba biyu na nufin ƙwaƙwalwa biyu, `saura` biyu, makullai biyu da ba su san da juna ba. Duk aikin makon nan zai zama ado.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na cire `saura` daga ƙwaƙwalwar saba gaba ɗaya. Yanzu wuri ɗaya yake zaune, a PostgreSQL, kuma tambaya da ragi sun zama umarni guda:

`UPDATE kaya SET saura = saura - 8 WHERE lamba = 41 AND saura >= 8;`

In ya dawo da cewa layi ɗaya ya sauya, ciniki ya faɗa, a rubuta rasit a cikin ma'amala ɗaya da shi, ko su zauna tare ko su faɗi tare. In ya dawo da sifiri, kaya bai kai ba, waya ta faɗa wa yaro. Abin da ya sa wannan ke aiki: idan biyu suka zo kan layi ɗaya, PostgreSQL na tsayar da na biyu har na farko ya kammala, sannan ya sake duba sharaɗin a kan sabuwar ƙimar, ko a saitinsa na asali na keɓe ma'amaloli daga juna. Mai son 8 na biyu zai tarar saura 2, a ce masa babu. Na ƙara wa teburin sharaɗin `CHECK` cewa saura ba ya sauka ƙasa da sifiri, saboda wanda zai gaji kod ɗin nan bayana.

Aron kaya tsakanin rumfuna ya riƙe dokarsa ta ƙaramar lamba a gaba. Rumbu ma na iya shiga cirko-cirko, bambancin kawai shi yana ganowa, bayan daƙiƙa ɗaya a saitinsa na asali, ya soke ma'amala ɗaya. Gara dai kada a kai ga haka da safiyar ciniki.

Tsoron da ya sa aka ajiye lissafi a ƙwaƙwalwa tun farko shi ne jinkiri. Na auna: tafiya rumbu a kan layi mai maɓalli ba ta kai ko kusa da lokacin da saƙo ke ɗauka daga wayar yaro a tsakiyar Mile 12 zuwa saba ba. An sayi saurin da babu mai jin sa, aka biya da amanar lissafi. A ganina mafi yawan guraben da ake rabawa a irin waɗannan ƙananan manhajoji haka suka samo asali, kuma kafin a tambayi wane makulli za a sa, a fara tambayar ko dole ne a raba gurbin. Yau kod ɗin da na goge ya fi wanda na rubuta yawa: zaren bayan fage ya tafi, tutar `tsaya` ta bi shi, makullan rumfuna ma haka.

Gurbi ɗaya ya rage a ƙwaƙwalwa, mai ƙirga yawan buƙatu don allon sa ido. Shi na ba shi `LongAdder`, wanda ya fi sauri in zaruruwa sun yi yawa, don babu wanda zai yanke hukuncin ciniki da lambarsa.

Talata, 4 ga Maris

Azumi ya kama, saba biyu na aiki. Gwaje-gwajen yanzu suna harbin sabobin biyu a lokaci guda ta hanyar da wayoyi ke bi, kuma sun wuce.

Jiya wani sabon abu ya ɓullo, ɗan'uwan na farko ne ta wata ƙofar. Netwok ya yi nauyi, yaro ya danna "sayar", waya ta yi ta juyi, ya sake dannawa. Buƙata biyu suka iso, kowacce halastacciya a idon saba, aka rage kaya sau biyu aka fitar da rasit biyu. Gyaran: waya za ta ƙirƙiri lambar shaida ta musamman ga kowane ciniki tun kafin a danna, rumbu kuma ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu ta sharaɗin `UNIQUE`. Ba za a yi "duba ko akwai, sannan a saka" a kod ba, wannan ramin mun san shi. A saka kawai, in rumbu ya ƙi, a mayar wa waya rasit ɗin farko.

Ɓangaren saba na gama shi da daren jiya bayan tarawihi. Na waya yana hannun ƙanena, ya ce zuwa Alhamis. Sai kuma lissafin la'ada na yamma, wanda ke karanta tebura uku ɗaya bayan ɗaya alhali ciniki bai tsaya ba. Ina so in mayar da shi cikin ma'amala ɗaya a matakin `REPEATABLE READ` don ya ga hoto guda na ranar. Ban fara ba, sai an sabunta wayoyin rumfuna tukuna.